Ƙofar Kudu da Tsofaffin Gine-ginen Birnin Kano

Kowane babban birni na ƙasar Hausa yana da fili a ƙofar gidan sarki. A wannan fili jama'a su ke taruwa ran salla, a nan mahaya su ke yin jahi, a nan kuma mai kuka ya kan zauna ya jira fitowar sarki. A Katsina ana kiran filin Kangiwa. A Kano kuwa, wanda ya fi suna shi ne filin Ƙofar Kudu.

In mutum ya tashi daga unguwar Zaitawa, ya bi lungu-lungu ya nufi fada, ba zai yi doguwar tafiya ba sai ya ɓullo wannan fili. Da ya tsaya ya fuskanci arewa, ga Gidan Rumfa a gabansa, watau gidan Sarkin Kano. Kusa da nan kuma, ƙetaren titi, ga Gidan Makama. In ya kewaya gidan Sarki ya koma ta arewa, sai ya tarad da babban Masallacin Juma'a da hasumiyoyinsa biyu. Waɗannan gine-gine uku su ne cibiyar birni, asalin kowannensu kuwa ya haura shekara 500.

Unguwar Zaitawa

Ita kanta Zaitawa tsohuwar unguwa ce ƙwarai. Ana danganta sunanta da Shaihu Abdurrahman Zaite, shugaban Wangarawa, watau malamai da fatake waɗanda suka zo Kano daga ƙasar Mali. Littafin Tarihin Kano ya nuna sun zo su wajen 40 a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, suka kira shi ga salla, ya karɓa. Wani tsohon littafi kuma na Larabci, wanda aka rubuta wajen 1650, ya sa zuwansu a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ko wanne aka ɗauka, sun zauna a birnin, sun karantar, sun yi limanci da alƙalanci. Sunayen waɗansu daga cikinsu suna nan har yau a kan unguwanni, kamar su Mandawari da Sheshe. Yanzu Zaitawa tana cikin mazaɓu 13 na Ƙaramar Hukumar Birni.

Aikin Muhammadu Rumfa

Tun asali garin Kano a gindin dutsen Dala ya tsiro. Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa ta. Sa'ad da Muhammadu Rumfa ya hau gado a 1463, gari ya riga ya cika, baƙi suna ta zuwa daga Barno da Agadas da ƙasashen Larabawa. Sai Rumfa ya faɗaɗa ganuwa, ya gina sabon gidan sarauta, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina masallacin Juma'a. Ya yi sarauta har 1499.

Ba a banza aka sa waɗannan wurare kusa da juna ba. Bafatake in ya sauke kaya a Kurmi, yana bukatar mai raba gardama in an cuce shi, ga fada nan kusa. Yana bukatar inda zai yi salla ran Juma'a, ga masallaci. Shi kuma Sarki yana bukatar malamai su ba shi shawara, yana bukatar kasuwa ta ci don gari ya yi arziki. Ta haka sarauta da addini da ciniki suka zauna wuri guda, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa.

Gidan Makama

Cikin gine-ginen nan uku, Gidan Makama shi ne ya fi daɗewa. An gina shi a ƙarni na 15, a ciki ne kuwa Rumfa ya zauna tun yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya zama Sarki. Da ya gama ginin sabon gidansa ya tashi ya koma can, wannan kuma ya ci gaba da zama gidan masu sarautar Makama.

Ran 3 ga Fabrairu, 1903, sojan Ingila suka ci Kano, alhali Sarki Alu yana kan tafiya, ya je Sakkwato. Bayan haka Turawa suka yi ofis a Gidan Makama na wani lokaci. Daga baya aka raba gidan kashi uku: kashi ɗaya makaranta, kashi ɗaya gidan Makama, kashi ɗaya kuma gidan ajiye kayan tarihi. A 1959 gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa, waɗanda doka ta hana a rushe.

Mai ziyara zai ga tsofaffin ƙyamare na ƙofofin ganuwa, manya-manya masu nauyi, waɗanda a dā a ke rufewa in rana ta faɗi. Zai ga sulke da lifidi, da takubba da masu, da kayan masu sana'a, da hotunan sarakuna, da ɗakin amarya irin na dā. Amma in yana da hankali ba zai tsaya ga kallon kayan kaɗai ba. Zai ɗaga kai ya dubi rufin ɗakunan, gama shi kansa gidan ya fi kome da ke cikinsa zama abin kallo.

Gidan Rumfa

An gina Gidan Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, tun daga sa'an nan kuwa shi ne gidan sarautar Kano. Faɗinsa ya kai wajen eka 33, an kewaye shi da katanga mai tsawo. Wanda ya shiga ciki sai ya ga kamar ya shiga wani gari dabam, don akwai zauruka da soraye, da sassan iyali, da gidajen bayin Sarki, da bargar dawaki, da makaranta, da masallaci, har da maƙabarta. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya shiga gidan a 1851, a zamanin Sarki Usman, ya rubuta labarin yawan farfajiyoyinsa da zaurukansa.

A dā babbar ƙofar gidan ta arewa ce, mai duban masallaci da hanyar Kurmi. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo aka mai da harkar fada wajen kudu. Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi, ɗan Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1855 zuwa 1883, shi ya gina Ƙofar Kudu. Ban da ita akwai Ƙofar Fatalwa da Ƙofar Kwaru. Daga cikin sorayen gidan, Soron Ingila ya yi suna ƙwarai, don a nan a ke karɓar manyan baƙi, an kuma ƙawata bangonsa da rufinsa da zane masu launi iri-iri.

Kowane sarki ya kan ƙara wani abu a gidan, ko ya gyara wanda ya tarar. Don haka ba a cewa ginin da a ke gani yau duk na zamanin Rumfa ne. Wurin na Rumfa ne, da tsarin, da sunan. Bango kuwa ya sha hannun magina, ɗa bayan uba, jika bayan kaka.

A zamanin En'e an gina ofisoshi da ɗakunan shari'a a gefen filin Ƙofar Kudu. Har yanzu akwai kotun shari'ar Musulunci a wurin, da ofishin Ƙaramar Hukumar Birni. Saboda haka filin ba ya rabuwa da jama'a, ko ba ran salla ba.

Masallacin Juma'a

A zamanin Rumfa wani babban malami ya zo Kano daga Arewacin Afirka, sunansa Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili. Ya iso wajen 1492, ya rubuta wa Sarki littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. An ce da shawararsa aka sare wata babbar itaciya wadda mutanen dā su ke tsafi a gindinta, aka gina hasumiyar masallaci a wurin.

An sāke ginin masallacin ba sau ɗaya ba. Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi ya sāke gina shi da ƙasa a ƙarni na 19. Da jama'a suka yi yawa, ginin kuma ya tsufa, sai aka rushe shi a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, aka gina na dutse da siminti, mai ƙubba da hasumiya biyu. Shi ne wanda a ke salla a ciki yanzu. Ran Juma'a ba ya ɗaukar jama'a, sai sahu ya fito waje ya cika fili.

Sabon masallacin ya fi tsohon girma da ƙarfi. Amma tsohon ya tafi ke nan, da doguwar hasumiyarsa ta ƙasa. Wanda ya ke so ya san kamanninsa sai dai ya nemi hoto.

Yadda a ke ginin ƙasa

Yaro ya kan yi mamaki, ƙaƙa aka yi ɗaki mai faɗi haka ba da siminti ba, ba da ƙarfe ba? To, ga yadda magina su ke yi.

Da rani a ke gini, bayan an gama aikin gona. Da farko a haƙo ƙasa mai kyau daga kududdufi, a zuba mata ruwa, a yayyanka ciyawa a zuba, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Sa'an nan a mulmula ta da hannu a yi tubali. Tubalin Hausa ba mai kusurwa huɗu ba ne, gindinsa faɗi gare shi, kansa kuwa tsini. A shanya shi a rana har ya bushe ƙarau.

In za a ɗora bango, sai a jera tubali gindi a ƙasa, kai a sama, a cika tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Magini yana zaune a bisa bango, yaransa suna jefa masa tubali da curin ƙasa daga ƙasa, yana cafewa. Ba a ɗora bango duka rana ɗaya. Sai a yi 'yan sahu kaɗan, a bari su sha iska, sa'an nan a ƙara. Gindin bango a kan yi shi da kauri ƙwarai, yana tafiya sama yana raguwa, don ƙasan shi ke ɗauke da nauyin saman.

Wajen rufi kuwa sai a nemo azara, watau itacen giginya wanda aka tsattsaga. Dalilin da ya sa a ke son azara shi ne tana da ƙarfi, gara kuma ba ta cika cinta ba. Amma tana da iyaka. In faɗin da za ta ƙetare ya wuce wajen ƙafa 6, nauyin ƙasar rufi sai ya lanƙwasa ta. A nan gwanintar magini ta ke bayyana. Sai ya kafa azara a cikin bango ta ɗan karkato ciki, ya ɗora wata a kanta ta zarce ta kaɗan, ya ɗaure su tam da igiya, ya ƙara wata. Haka zai yi daga wannan bango, haka kuma daga wancan, har su haɗu a tsakiya. Sa'an nan ya lulluɓe su da ƙasa. Wannan shi a ke kira bakan gizo. In aka yi baka biyu ko fiye suka gicciye juna a tsakiyar ɗaki, sai a ce ɗaurin guga. Su ne su ke raba rufi gida-gida, kowane gida ƙarami, yadda azara za ta iya ƙetarewa. A shimfiɗa azara, a sa zana ko asabari a kai, a zuba ƙasa. In aka dubi irin wannan rufi daga waje sai a ga ya yi tulluwa, ruwan sama ba ya kwanciya a kansa.

Saura kuma tsare gini daga ruwa. A kan jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makuba, a kwaɓa ƙasa da ita a yi yaɓe. Don rufi kuwa akwai laso. Ana haɗa shi da katsi, wanda a ke samu daga rijiyoyin marina, irin na Ƙofar Mata, da gashin akuya daga wurin majema, da ruwan dafara. Ashe ke nan magini ba ya gama aikinsa sai da taimakon marini da majemi. A sa indararo mai tsawo don ya zubad da ruwa nesa da gindin bango. A bisa kusurwoyi kuma a yi zankwaye, su ne ƙahonin nan da a ke hange a kan soraye. Daga ƙarshe, tun yaɓe yana ɗanye, gwani ya zana ado da hannunsa a fuskar zaure, kamar su dagi.

Ɗakin ƙasa yana da wani amfani wanda kowa ya sani. Da bazara, in rana ta take, cikinsa da sanyi, don zafi ba ya saurin ratsa bango mai kauri. Da hunturu kuwa, zafin da bangon ya sha da rana shi ya ke saki da dare, ɗaki ya yi ɗumi.

Gini sana'a ce ta gado, magina kuma suna da sarkinsu. A birnin Kano har akwai unguwa mai suna Unguwar Gini. Maginin da ya fi suna a ƙasar Hausa shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a ƙarni na 19.

Filin ran salla

Bisa al'ada, kashegarin salla a ke Hawan Daushe. Sarki ya kan hau da la'asar ya je Babban Ɗaki ya gai da mahaifiyarsa, ya zaga gari, sa'an nan ya komo ta Ƙofar Kudu. Hakimai su wuce ɗaya bayan ɗaya, kowa da jama'arsa, ga 'yan lifidi, ga 'yan sulke, ga dogarai da jajayen riguna. Kakaki da algaita suna tashi, 'yan bindiga suna bugawa. In Sarki ya tsaya, sai mahaya su sako dawaki a guje, su zo gab da shi su ja linzami, su yi jinjina. Wannan shi ne jahi. A 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta ke alfahari da su.

Abin da ke cin gini

Babban abokin gāban ginin ƙasa shi ne ruwa. In indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, azara ta ruɓe, ɗaki ya rufta. In kwata ta bi gindin bango, sai ta yi ta cinsa a hankali har ya faɗi. Don haka mutanen dā ba su yarda damina ta same su ba su yi yaɓe ba. Sun san sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga.

Waɗansu su kan shafe bangon ƙasa da siminti, suna tsammani sun huta. Amma siminti da ƙasa ba su kama juna sosai. In simintin ya tsage, ruwa ya shiga ta baya, ba shi da hanyar bushewa, sai bango ya yi ta lalacewa a ɓoye.

Ganuwar Kano ta isa misali. Sa'ad da Turawa suka zo a 1903, tsawonta a waɗansu wurare ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kuwa wajen ƙafa 40. A dā kowace shekara a kan tara jama'a a gyara ta. Da aka daina, ruwa ya ci rabonsa, mutane suka yi ta ɗibar ƙasarta, waɗansu suka yi gini a kanta. Yanzu a wurare da yawa ba sauran kome sai tudu. Ƙofofi da dama kuma an rushe su don faɗaɗa titi, aka sāke gina su da siminti, kamar Ƙofar Na'isa a 2010.

Amma ginin ƙasa ba ya mutuwa muddin ana kula da shi. A garin Jenne, can ƙasar Mali, akwai babban masallacin ƙasa wanda aka gina a 1907. Kowace shekara mutanen gari su kan fito, maza da mata da yara, su yaɓe shi. A Agadas hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27 tana nan tsaye. A Katsina ma ga hasumiyar Gobarau.

Yaro ma yana da nasa aikin. Kada ya kankare bango ko ya yi rubutu a kai. Kada ya zubad da shara ko ruwa a gindin ganuwa. In ya ga tsaga a soron gidansu, ko indararo ya toshe, ya gaya wa manya tun kafin ruwa ya sauka. In kuwa akwai tsohon magini a unguwarsu, ya je ya gaishe shi, ya tambaye shi yadda a ke ɗaura bakan gizo, gama sana'ar da ba a koya wa yara ba, ran da tsofaffi suka ƙare ita ma ta ƙare.

Tambayoyi

1. Waɗanne gine-gine uku ne su ke kewaye da cibiyar birnin Kano?
2. Da sunan wa a ke danganta unguwar Zaitawa? Daga ina shi da mutanensa suka zo?
3. Faɗi ayyuka huɗu na Sarki Muhammadu Rumfa.
4. Don me aka sa fada da masallaci da kasuwa kusa da juna?
5. Wane Sarki ya gina Ƙofar Kudu?
6. Me ya sa a ke yin gindin bango da kauri?
7. Bayyana yadda a ke yin bakan gizo, da dalilin yinsa.
8. Da me da me a ke haɗa laso? Daga wurin su wa a ke samunsu?
9. Me ya ke faruwa in an shafe bangon ƙasa da siminti, sa'an nan ya tsage?

Aiki

Zana fuskar wani tsohon zaure na unguwarku. Nuna ƙofa, da zankwaye, da indararo, ka rubuta sunan kowanne a gefensa.